Muntaka Hannu-Baya

Duk wanda ya taɓa zuwa kallon ƙwallo a Sabon Birni ya san Muntaka, ko bai san sunansa ba ya san tsirensa. Tukubarsa tana daf da ƙofar gidan kallo, inda matasa ke cika su kalli wasannin Turai a talabijin. Gajere ne mai faɗin ƙirji, wuyansa da kansa kusan kauri ɗaya. In dai ba yanka nama yake ba, hannuwansa biyu suna baya a harɗe. Haka yake zuwa kasuwa, haka yake tsayawa gaisuwa, haka yake leƙen wasa ta tagar gidan kallon. Shi ya sa ake ce masa Hannu-Baya. Yara suna zaton ciwo ne. Ba ciwo ba ne, dalili ne, kuma dalilin ya girmi yawancin masu sayen tsiren.

Ɗan mahauta ne, rundawa kamar yadda muke cewa a nan. Ubansa Illo, wanda ake kira Guduma, ɗan dambe ne da sunansa ya kai Isa da Bafarawa, har tsallaken iyaka wajen Maraɗi. A wancan zamani wasa ma da gidansa yake zuwa. Kokawa ta manoma ce, in an gama kai amfani gida. Sharo na Fulani. Dambe na rundawa, su da kalangunsu. Ƙwallo kuwa da ya shigo gari tare da makarantar boko, sai ya zama na 'ya'yan malaman makaranta da na ma'aikatan asibiti, masu farar safa. Ba wanda ya rubuta wannan doka, ba limamin da ya taɓa karanta ta, amma kowa ya san ta kamar hanyar gidansu. Ɗan barunje, wato ɗan rundawa, in ji mutane, hannunsa yanka ya sani da naushi, kuma ba a sa shi cikin 'ya'yan mutane a fili ɗaya.

Kowane ɗan damben da ya isa yana da takensa, wato kiɗan da makaɗi ke yi masa shi kaɗai. In aka buga wa mutum takensa, ko yana cin tuwo sai jikinsa ya ɗauki tsuma ya miƙe. Taken Illo gajere ne. Kalangun yana cewa, "Guduma, tashi, ƙarfe ya yi ja." Mai buga shi wani makaɗi ne Malami, siriri mai yawan fara'a, wanda ya bi Illo fage-fage tun suna samari. A cikin wannan kiɗa Muntaka ya buɗe ido. Da shi aka yi sunansa, da shi aka yi masa kaciya.

To, ikon Allah, sai yaron ya tashi ba abin da yake so irin ƙwallo. In ya gama tallan nama sai ya tsaya gefen filin makaranta da tirensa a ka, yana kallo har a tashi. In ƙwallo ya fita daga fili shi ke rugawa ya dawo da shi. Da haka, da haka, aka fara sa shi a baya ranar da mutum bai cika ba. Ashe ya iya. Ba shi da gudu, amma ba a wuce shi. Sai dai duk wanda ya yi karo da shi ya faɗi, abin da za ka ji shi ne, "Kai, ɗan rundawa, nan ba fagen ubanka ba ne!" Tun daga nan ya koyi harɗe hannuwansa a baya in yana tare ɗan gaba, don kada wani ya sami bakin magana. Kafin ya zo fili kuma sai ya yi wanka da sabulu ya sake, saboda ana yi masa tsiyar ƙarnin nama.

Wata shekara, bayan ƙaramar Sallah, samarin Isa suka zo wasa da na Sabon Birni. Mai tsaron baya na ƙungiyar gari ya kwanta zazzaɓi, dole aka ba Muntaka riga. Ranar farko ke nan da ya sa rigar gari, mai lamba a baya. Gari ya fito kakaf. Alƙalin wasa wani matashin malamin makaranta ne, Malam Nura, mai tsafta, usur rataye a wuya, kati a aljihun gaba.

Malami makaɗi yana can kasuwa ya ji an ce ɗan Illo ya shiga fili, ga taro ya kewaye shi. Shi a saninsa, in ɗan Illo ya shiga fili a gaban taro, abu ɗaya ake yi. Bawan Allah ya rataya kalangunsa ya taho da sauri, zuciyarsa fari ƙal. Ya kutsa ya tsaya a bakin layi, daidai lokacin da ɗan gaban Isa ya yanko da ƙwallo ya nufo Muntaka. Ya saki kiɗa: "Guduma, tashi, ƙarfe ya yi ja."

Kai! Duk filin ya waiwaya. Rundawan da ke can gefe suka ɗauki ihu. Shi kuma yaron Isa, ai ba ɗan Isa da bai san wannan take ba, don da shi Illo ya kwantar musu da zarata. Yana jin sa, ya ɗaga ido ya ga ƙirjin Muntaka a gabansa, sai ya saki ƙwallo ya kare fuskarsa da hannu biyu. Ƙafarsa ta hau kan ƙwallon, ya kife, hancinsa ya daki ƙasa. Malam Nura a lokacin makaɗin yake kallo. Da ya juyo, abin da ya gani shi ne yaro a ƙasa jini na zuba, ɗan Illo tsaye a kansa. Bai tambayi kowa ba. Ya zaro jan kati.

"Dama mun san za a yi haka," in ji shi, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Hita muna daga fili."

Hannuwan Muntaka suna baya a lokacin. Ko sakin su bai yi ba. Amma wa ya duba? Mutanen gari suka ce ga abin da ake gudu nan. Abin da ya fi yi masa ciwo kuwa danginsa ne, don su murna suka yi. A dambe in ka kai mutum ƙasa an ce ka kashe shi, sai ga rundawa sun ɗaga Muntaka sama suna "Ya kashe! Ya kashe!" har ƙofar gida, Malami na biye da kiɗa. Illo yana zaune a zaure, labari ya riga ya iso masa. Tsohon ya yi dariyar da rabonsa da ita tun yana shiga fage, ya yanko tsoka mai kyau ya miƙa wa ɗansa.

"Baba, ban taɓa shi ba," in ji Muntaka. "Shi ɗai yaf faɗi."

"Mi kac ce?"

"Wallahi ban taɓa shi ba."

Illo ya dube shi, ya dubi tsokar, ya mai da ita cikin tire. Wato a waje an kore shi don ya yi naushi, a gida kuma an yi baƙin ciki don bai yi ba. Ranar Muntaka ya yi kuka a bayan rumbu, kuma ranar ya ƙudurta abu guda: sai ya raba sunan gidansu da duka. Duk ɗan da Allah ya ba shi, ba za a taɓa ce masa ya fita daga fili saboda gidan da ya fito ba.

Ba a sake ba shi riga ba. Ya kama sana'ar gida, don ita ya iya, amma ya janye daga duk wani abu na fage. Da ya auri Fatu ya ce ba a yi masa kalangu, abin da ba a taɓa ji ba a gidan rundawa. Malami makaɗi ya zo ba shi haƙuri ya fi a ƙirga, Muntaka ya riƙa amsa sallamarsa kawai ya ci gaba da soke nama. Filin makaranta kuwa bai rabu da shi ba. Shi ke kawo tokar tukubarsa ya ja layi ranar wasa, shi ke gyara itacen gola in gara ta ci, ba wanda ya sa shi. Da aka buɗe gidan kallo ya kwashe tukubarsa daga bakin tasha ya dawo nan.

Malam Nura ya zama hedimasta, ya yi ritaya, ya yi tumbi. Duk yamma sai ya biyo ta wajen Muntaka ya sayi tsire, kuma duk yamma Muntaka sai ya ɗora masa gyaran tsinke guda, ya rusuna ya miƙa da hannu biyu. Me yake jira? Yana jiran ranar da Malam zai ce, "Muntaka, ranar nan fa kamar na yi gaggawa." Shi ke nan abin da yake so. Malam kuwa sai ya karɓi gyaransa ya yaba yaji ya wuce.

Ɗansa na fari shi ne Kamalu. Muntaka ba ya faɗin sunansa saboda kunyar ɗan fari, sai dai "kai" ko "yaron nan". Tun kafin yaron ya iya tafiya ya sayo masa ƙwallon roba. Bai taɓa bari ya riƙe wuƙa ba, bai taɓa aikensa mahauta ba. Illo ya rasu Kamalu na goye, kuma abin da aka gaya wa yaron game da kakansa shi ne mahauci ne mai gaskiya a ciniki. Sai dai fa jikin kakan ya ɗauko, har ya fi shi tsawo. A filin ƙwallo kuwa, Allah dai ya kyauta. In ya buga ƙwallo sai an shiga gonar mutane nema. In ya ruga, yara watsewa suke. Ƙarshe suka mai da shi gola, ba don ya iya ba, don yana cika ƙofar. Muntaka yana tsaye a gefe, hannu baya, yana haɗiyar takaici yana cewa da sannu zai koya. Karatu dai Allah ya ba yaron kai, har ya sami shiga wata kwaleji a Kano.

A shekarun nan kowa ya san yadda ƙasarmu ta koma. Hanyoyi sun lalace da 'yan bindiga, shanu sun yi wuya, mutanen ƙauyuka da dama sun dawo cikin gari. Taron dambe bayan kaka ya mutu, don ba mai tara jama'a a fili yanzu. Motoci ma sai ranar da aka sami rakiya suke fita a jere. Saboda haka Kamalu bai cika zuwa hutu ba. Da ya zo a bara, sai ga shi da ɗinki a gira, kunnensa ɗaya ya kumbura, ga wani ƙwallo a jaka mai siffar ƙwai.

Muntaka ya juya ƙwallon a hannunsa. "Mota tat taka shi?"

"A'a, Baba, haka anka yi shi. Na zari-ruga na."

"Na mi?"

Kamalu ya fito da waya ya nuna masa. Muntaka ya ga ƙarti sun dunƙule kai da kai suna turin juna. Ya ga wani ya rungumi ƙwallo ya ruga, sai wani ƙato ya taho ya kwashe masa ƙafafu ya maka shi da ƙasa. Ƙaton ya miƙe, ya juyo, ashe ɗansa ne. Alƙalin wasa yana tsaye a wurin yana kallo, ko usur bai hura ba.

"Ina katin?" in ji Muntaka.

"Ba laifi na ba, Baba. Haka a ka yi."

Sannan yaron ya faɗi abin da ya kawo shi. An zaɓe shi cikin waɗanda za su tafi gasa Legas. Mai koyar da su ya ce bai taɓa ganin mai jiki irin nasa ba. Amma shi ya ce ba zai tafi ba sai ya zo ubansa ya sa masa albarka. In ya yarda, zai bi jerin motocin da za su fita nan gaba. In bai yarda ba, a ba wani gurbin.

Ran Muntaka ya ɓaci ƙwarai. Shekara da shekaru yana gina katanga, ashe abin ta taga zai shigo.

"Wanga ba ƙwallo na ba," ya ce. "Dambe na da kokawa anka gama, anka miƙa musu ƙwallo don su ɓoye kunya. Ni in kai ka makaranta, in hana ka wuƙa, kai kuma ka tai birni ka nemo inda a ka kada mutane? Ka san abin da za a ce cikin garin ga? Ban yarda ba."

"Baba, can Turai ma wasan ɗiyan manya na. Ƙwallon ƙafa shi a na talakawa."

Muntaka ya yi wata dariya mara daɗi. "Ɗiyan manya? Da kunne hakan ga? Tashi ka ba ni wuri."

Kamalu bai yi musu ba. Yaro ne mai biyayya, abin da ma ya ƙara wa al'amarin nauyi ke nan. Ya tura ƙwallon ƙarƙashin gado, ya riƙa zama a zaure. Fatu ta bari sai da maigidan ya ci abincin rana sannan ta ce, "Maigida, tun da nih haifi yaron nan ban taɓa jin an ce ya iya wani wasa ba sai yanzu. Kai ka san yadda a ka ji in an hana mutum fili." Muntaka ya ce mata wannan daban, wancan daban. Ya ɗauki tirensa ya fita.

Abin da ya ji tsoro kuwa bai ɓata lokaci ba. Abokan Kamalu sun tura wa juna hoton wasan, kafin la'asar ya zaga gidan kallo. Matasa suna sayen tsire suna ƙunshe dariya. Wani tela mai tsokana ya ce, "Hannu-Baya, kai ka ɓoye naka, ga shi ɗanka ya hiddo nashi gaba." Muntaka ya yi kamar bai ji ba, amma yajin da ya zuba wa telan ranar sai da ya sa shi hawaye.

Ana cikin haka, wata yamma, sai ga Malam Nura da sandarsa, fuska a sake fiye da kullum. Yana da ɗa, Mus'ab, wanda ya yi karatu a Ingila, kuma an tura masa hoton har can inda yake aiki.

"Muntaka! Ashe haka Allah yay yi maka arziki ba ka hwaɗi ba?"

"Allah shi gafarta Malam, wane arziki?"

"Yaronka mana! Mus'ab yab bugo min waya. Yac ce can Ingila wanga wasa sai makarantun masu hali. Likitoci da lauyoyi ka yin shi. Ƙwallon ƙafar ga da muka ta haƙilo a kai, yac ce asalinai na leburorin masana'anta na." Malam ya yi dariya har sandarsa na rawa. "Ka turo min shi gobe mu ɗauki hoto. Ina son shi koya ma jikokina."

Muntaka ya tsaya da tsinke a hannu. Kokawar nan dai ce, kayar da mutum ɗin nan dai ne, kumburin kunnen nan dai ne. Jiya abin dariya ne a bakin tela, yau don an ce 'ya'yan masu hali na yi a wata ƙasa ya zama abin ɗaukar hoto. Bai gama haɗiye wannan ba Malam ya dafa kafaɗarsa.

"Ai ƙarfin gidanku bai tai banza ba. Ni tun ranar wasan Isa nis san akwai abu ga hannun gidan ga. Naushi guda, yaro sai ƙasa! Har yau ina ba da labarin."

"Malam," in ji Muntaka a hankali, "ban taɓa shi ba."

"Haba, ai ya wuce. Wa ka riƙe da wanga yanzu? Ƙuruciya ta."

"Hannuna na baya, Malam."

"To, to. Sa min na kullum."

Nan Muntaka ya gane maganar da ya kwashe rabin rayuwarsa yana jira ba ta nan tafe. Ba ta taɓa kasancewa a hanya ba. Mutumin nan ya kore shi a kan naushin da bai yi ba, yau kuma yana yaba masa a kan naushin da bai yi ba, kuma a duka biyun bai dube shi ba. Don wannan mutum da irinsa ya hana kalangu a aurensa. Don su ya bar ubansa ya mutu ba su taɓa zama sun yi hirar fage ba. Kunya ta kama shi, ba ta Malam ba, ta Illo. Ya naɗe tsiren a takarda ya miƙa da hannu ɗaya. Malam ya tsaya yana jiran gyara, ya ga ba alama, ya yi gyaran murya ya wuce.

Da safe Muntaka ya leƙa zaure ya ce wa ɗansa, "Kai, haɗa kayanka. Ka tai. Allah shi yi albarka." Kamalu ya buɗe baki zai yi godiya, uban ya riga ya fita. Unguwar makaɗa ya nufa, inda rabonsa da takawa tun yana saurayi.

Malami makaɗi ya daɗe da rasuwa, Muntaka ya sani, don ya je jana'izar ya tsaya a sahun baya. Ɗansa Hafizullahi ne ya gaji kalangun, yana kiɗan biki da na 'yan siyasa. Ya tarbi baƙonsa da mamaki, ya shimfiɗa masa buzu.

"So nike ka zo tasha ranar da motoci za su hita," in ji Muntaka. "Ka buga ma yarona taken kakanai. Taken Illo Guduma."

Hafizullahi ya sosa ƙeya. "Kawu, na ji sunan. Amma taken ban san shi ba. Tun da anka daina dambe Baba bai ƙara buga irinsu ba. Kuma naku ma, yac ce kai ba ka so, shi yas sa bai koya min ba."

Suka zauna suna lissafa wanda zai iya tunawa. Wane ya rasu. Wane ya yi gudun hijira can wajen Maraɗi. Wane yana nan amma kunnensa ya mutu. Ashe duk garin nan, kiɗan da Muntaka ya yi ta gudu bai rage a kan kowa ba sai a kansa. Ya jawo wani tsohon kwano da ke gefe, ya kife shi. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya fara ƙwanƙwasawa da yatsu, yana faɗin kalmomin ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron a ji: "Guduma, tashi, ƙarfe ya yi ja." Bai yi kuskure ko ɗaya ba. Hafizullahi ya matse kalangu a hammata ya bi shi, ya ɓata, ya sake, Muntaka na gyara masa, har ya zauna daidai.

Ranar tafiya tasha ta cika tun da hantsi, don kowa yana son shiga jerin. Direbobi na ɗaure kaya, mata na jan yara. Kamalu yana tsaye da jakarsa, ƙwallon nan mai siffar ƙwai a hammata. Muntaka ya ɗaga wa Hafizullahi kai, kiɗa ya tashi.

Wasu tsofaffi biyu da ke sayar da goro suka ɗago kai a tare. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa ba ta san ta yi ba. Muntaka kuwa ɗansa yake kallo. Yana jiran ya ga kafaɗun nan sun motsa, ya ga tsikar jikinsa ta tashi, yadda ake yi wa duk ɗan gidansu in an taɓa wannan kiɗa. Kamalu ya yi murmushi irin na ladabi, ya fito da waya yana ɗauka. Jikinsa ko gezau. Yaya za a yi ya motsa? Bai taɓa jin kiɗan ba. Abin da Muntaka ya ƙudurta a bayan rumbu ya samu, ya samu cif, kuma bai taɓa jin baƙin ciki irin na wannan samu ba.

Shi Muntaka ne abin ya kama. Ya fara daga gwiwoyinsa, ya hau ƙirji. Hannuwan nan da ke baya suka kwance da kansu, na dama ya dunƙule yana rawa. Ya yi ƙoƙarin mai da su, suka ƙi. Haƙoransa har haɗuwa suke.

Kamalu ya sauke wayar da sauri ya riƙo shi. "Baba, lahiya? Zazzaɓi na? Ko in hwasa tahiyar?"

"Ba zazzaɓi na ba," in ji Muntaka da ƙyar.

"To mi na na?"

"Kakanka na a ka kira." Ya share fuska da bakin rigarsa. "Ɗan dambe na. Ba a taɓa kai shi ƙasa ba. Ni nih hana a gaya maka."

Yaron ya tsaya yana kallonsa, direba kuma ya fara buga ƙofar mota yana kiran a shiga.

"Ka ɗauki kiɗin cikin wayar?"

"Na ɗauka, Baba."

"To ka riƙa ji. Kullum, kahin ka shiga fili. Ba rana guda shika shiga jiki ba." Ya tura shi wajen motar da hannun nan da bai gama rawa ba. "In ka dawo za ni gaya maka sauran. Shiga, kada ta cika."

Motoci suka fita ɗaya bayan ɗaya. Muntaka ya koma ya hura tukubarsa, don akwai wasa da yamma. Har yau Hannu-Baya ake ce masa, kuma har yau in ya tsaya hannuwan suna komawa inda suka saba. Sai dai ranar Juma'a bayan an sauko, Hafizullahi yakan biyo da kalangu ya buga taken sau ɗaya a gaban tukubar, don kada shi ma ya manta. Shi ke karɓar gyaran tsinke gudan nan yanzu.